Hajja Luba Mai Turare da Masu Fatsar Talata

Kafin rana ta yi zafi, Hajja Luba ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a bakin layin maɗinka da ke unguwar Sharafiyya a Jidda. Sai ta jera kayanta yadda ta saba: turaren wuta a gaba, almiski da wardi a tsakiya, kwalli da lalle a gefe, can kusa da gwiwarta kuma kwalaben kolonya mai ƙamshin lemo. Ta karya da burodin tamis da shayi, ta gyara mayafi, ta shiga kallon masu wucewa. Kallon nan rabin sana'arta ne, ragowar rabin kuwa tambaya. In ka sayi turare sai ta ji na wa ne, in na amarya ne sai ta ji 'yar gidan wa ce. Maɗinkan layin sun daɗe da cewa ko kyanwa ce ta gifta da sauri, Luba za ta so ta san inda ake jiranta.

A wannan wata ne za ta naɗe tabarmar. Gwiwa ta gaza, 'yarta Zakiya kuma ta matsa sai ta koma wurinta a Safa, sabuwar unguwar nan ta benaye. Mutane za su ce wata mai turare ta tashi daga layi. Amma akwai maza a Jidda da in suka ji labarin za su sunkuyar da kai, domin a bakin tabarmar nan suka fara jin inda ake zuwa in mutum yana so ya bar sha. Sunayen da za a ambata a nan ba su ne na yanka ba, wurin da za a kwatanta kuma an daɗe da tashi daga shi. Sunanta kaɗai ne na gaskiya, ita ma sai da aka yi ta roƙo kafin ta yarda.

A nan Jidda aka haifi Luba. Iyayenta sun taho a ƙasa daga wajen Katagum, suka sauke farali, suka zauna. Da suka rasu, mijinta ma ya bi su, sai ya rage daga ita sai 'yarta sai ƙaninta Idris, mai dako a tashar jiragen ruwa. Shekaru ashirin da wani abu ke nan da ta fara lura kwalaben kolonyarta suna raguwa ba ita ta sayar ba. Ta zargi 'ya'yan maƙwabta, ta zargi lissafinta. Ranar da ta shiga ɗakin Idris ɗauko wanki, sai ta tarar da su jere a bayan akwati, babu ko ɗigo a ciki. Ta shinshina rigunansa, ba mai ƙamshin lemo. Ƙamshin a bakinsa yake.

Kowa ya san giya haramun ce a ƙasar nan, ba kanti ba mashaya. Waɗanda jarabar ta kama sai su koma kan kolonya su sirka da ruwa, wasu ma har isbirto na kunna risho. Wanda aka kama, bulala ce da kurkuku. Irin su Idris kuwa masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ana iya ƙwace ta a sa mutum a jirgi a kai shi ƙasar kakanninsa, inda bai san kowa ba. Saboda haka Luba ba ta da wanda za ta tambaya. Asibiti tana tsoron a kira 'yan sanda. Ta karɓo rubutu wurin wani malami da sunan ciwon ciki, Idris ya shanye, ya bi da abin da ya saba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta taɓa kulle shi a ɗaki ya ɓalle taga.

"Yaya, wallahi daga yau halas, na daina," in ji shi kullum da safe, yana riƙe da kansa.

"Jiya ma halas ka ce."

"Jiya ban rantse ba."

"Ka rantse, Idi. Har da kabarin Inna."

Abin da ya buɗe mata hanya wani mai ciniki ne, Hamad direban kurar jaki. Ta san shi sarai a cikin masu sayen kolonya, domin tun abin Idris idonta ya buɗe. Mai son ƙamshi yakan cire murfi ya shinshina, ya ɗiga a bayan hannu, ya yi tayi. Su Hamad ba sa buɗewa, ba sa tayi, ba sa kallon mutum a ido. Kwalba na shiga hannu sai aljihu. To, sai Hamad ya ɗauke ƙafa. Luba ta ɗauka an kama shi ko ya mutu. Bayan wata da watanni sai ga shi ya tsaya gabanta, ya yi kumatu, farcensa a yanke, yana neman turaren wuta na matarsa. Har ya ɗauki wani ya kai hanci ya ce bai yi masa ba.

"Hamad, kai ne kuwa?"

"Ni ne, Hajja."

"Wane magani ka sha?"

Ya waiga dama da hagu. "Maganin me? Ni lafiyata lau."

"Ba don kaina nake tambaya ba, kuma ba don hukuma ba. Ina da ƙane."

Ya daɗe yana jujjuya ƙullin turaren a hannu. Can ya ce, "Ni dai fatsa nake zuwa ranar Talata bayan la'asar, a bakin ruwan nan na bayan unguwar Bagdadiyya. Iskar wurin tana da daɗi." Ya wuce da sauri kamar an biyo shi.

Da wata mace ce, da ta ce ya raina mata hankali. Luba kuwa sai maganar ta hana ta sukuni. Me ya haɗa kamun kifi da barin sha? Kifin ne magani, ko ruwan gishirin? Ko wani malami ne ke zama a can? Da Talata ta zo sai ta soya gyaɗa, ta ɗora tire a ka, ta nufi bakin ruwan. Ta sami inuwar wani tsohon kwalekwale da aka kife, ta zauna kamar mai jiran masu saye.

Ta gan su can nesa, maza ba su kai goma ba, zaune a jere kan duwatsu, kowa da zaren fatsarsa a ruwa, butar shayi a tsakiya. Ba ta jin abin da suke cewa, amma abu biyu sun ba ta mamaki. Na farko, mutum ɗaya ke magana, sauran sun yi tsit har sai ya gama. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mazan unguwarmu sun taru an bar mutum ya kai ƙarshen zancensa ba. Na biyu, tana kallo kifi ya ja zaren wani har sandar ta lanƙwashe, mai ita bai ko duba ba, domin na kusa da shi yana share hawaye da hannun riga.

Ta koma Talata ta gaba, da ta bayanta. A ta ukun ne wani dattijo dogo mai farin rawani irin na mutanen Sudan ya baro su ya zo ya tsaya kanta. Shi ne Malam Abdulghani, Bahaushen Sudan, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zuba gawayi a injin jirgin ruwa.

"'Yar uwa, wannan wuri ba a cinikin gyaɗa," ya ce. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Ku ma ai ba kifi kuke kamawa ba."

Sai ta zayyana masa labarin Idris tun daga kwalaben bayan akwati, ta ƙare da tambayar da ta kawo ta: "Me kuke ba su?"

"Shayi."

"Malam, ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Babu likita a cikinmu, babu malami. Dukanmu mun sha, ni na fi kowa daɗewa a ciki. Kowa yakan faɗi yadda makonsa ya wuce, wanda ya zame ya ce ya zame, ba mai yi masa wa'azi, tun da wanda zai yi wa'azin ya san kansa. Shi ke nan."

"To zan kawo muku shi."

"Ba a kawo mutum. Wanda aka jawo ba ya zama, kuma bakinsa ba ya rufuwa. Sai ya zo da ƙafarsa."

"Ya zo ina? Ni da nake da lafiya da wayo sai da na yi mako uku ina gadin kwalekwale kafin na gane ku. Shi da ba ya iya ɗaura takalminsa da safe, ta yaya zai same ku?"

Malam Abdulghani ya ce wannan tambaya ta daɗe tana damunsa. Ba su da halin yin shela, ba su da halin kafa allo. Wanda Allah ya haɗa su da shi, shi ke nan, sauran kuwa suna can suna mutuwa a ɗaka.

"Ni na san su tun kafin ku san su," in ji Luba. "Gabana suke zuwa."

A nan aka ƙulla abin da aka yi shekaru ana yi. In ta ga mai ciniki irin wanda ba ya buɗe murfi, sai ta ce masa wannan kwalbar an riga an saye. Ta miƙa masa ƙugiyar fatsa a naɗe cikin 'yar takarda, ta ce, "Akwai masu irin ciwonka, suna fatsa ranar Talata bayan la'asar." Ta kwatanta wurin sau ɗaya, ba ta ƙarawa, ba ta kuma sake tayar da zancen ko da mutumin ya dawo. Wanda ya iso bakin ruwa da ƙugiya a hannu, an san ta inda ya biyo.

Idris ne na farko da ta ba, shi ne kuma na farko da ya jefar. Ya ce shi ba zai je ya tona wa kansa asiri gaban ƙattin banza ba. Da ta ɓoye kolonya sai ya koma isbirto. Wata safiya ya fito tsakar gida yana lalube, yana tambayar me ya sa gari ya yi hazo haka, alhali rana tar take. Idon hagu bai dawo ba har yau. Da ya warware, shi da kansa ya ce, "Yaya, ƙugiyar nan, kina da wata?" Ta raka shi har inuwar kwalekwalen, ta tsaya. Ya ƙarasa shi kaɗai, yana tafe yana tsayawa kamar mai shiga ruwan sanyi. Ya zame bayan haka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk zamewar da ya yi sai wani cikinsu ya biyo shi gida da rana tsaka, su zauna a zaure. Yau Idris ya aurar da 'ya, shi ne kuma mai dafa shayin Talata tun da Malam Abdulghani ya tsufa.

Hajja Luba, ke ce kika tsaya a bakin ƙofar da ba ki taɓa shiga ba. Har yau ba ki san abin da ƙaninki ya faɗa a kan duwatsun nan ba, ke da ba a wuce ki da labari. An ce kin taɓa tambayarsa, ya ce abin da aka faɗa a bakin ruwa a can yake zama, kika yi ƙwafa kika ce, "Ni da na nemo muku hanya!" Amma ba ki sake tambaya ba.

Ba kowa aka samu ba, ita ma ba ta yarda a ce an samu kowa. Wasu sun karɓi ƙugiya sun yar a kwata. Wani ya zage ta tas a gaban maɗinka, ya ce ta yi masa ƙazafi. Hamad da kansa, wanda ya fara nuna mata hanya, ya koma sha bayan rasuwar ɗansa, aka tsince shi a titi, aka hukunta shi, aka sa shi a jirgi. Bai ambaci sunan kowa ba. In aka yi zancensa, Luba takan ɗaga hannu ta yi masa addu'a kafin ta ce komai.

Abin da masu fatsar suka fi tunawa shi ne zancen Othman. Wata rana wani saurayi mai wannan suna ya tsaya gabanta cikin farar riga, ya nuna kolonya da yatsa, ya ce da Larabci, "Wahda, ya Khala," wato guda ɗaya, Goggo. Bai taɓa murfi ba. Luba ta gane shi. Askari ne, wato ɗan sanda, ta sha ganinsa da kaki a bakin kasuwa, jikan mutanenmu ne da ke jin Hausa amma Larabci ya fi masa sauƙi. In tarko ne, to ta hallaka mutum goma har da ƙaninta. Ta dubi fuskarsa ba ta gane komai ba. Sai ta dubi hannunsa, ta ga yana karkarwa har ya kasa riƙe bakin aljihunsa.

"Ɗana, wannan an saye," ta ce. "Amma ungo." Ta miƙa masa ƙugiya.

Da Malam Abdulghani ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya zo har bakin tabarma, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajja, kin san abin da kika yi? Askari fa!"

"Na sani."

"In aka kwashe mu, wa zai ci da iyalanmu?"

"Malam, ban da amsa. Amma hannunsa irin na Idi ne. Ban san yadda mutum zai ƙirƙiri wannan rawar ba."

Suka tashi daga wurin, suka koma bayan wata ma'ajiyar katako can kudu. Sai dai Idris bai iya haƙuri ba, kowace Talata yakan bi ta tsohon wurin ya leƙa daga nesa. Ya ga Othman zaune kan duwatsun shi kaɗai, ba sanda ba zare, sai ƙugiya a tafin hannu. Mako ya zagayo, ya sake ganinsa. Babu mota a ɓoye, babu wasu a bayansa. Othman yakan zauna har a kira magariba, ya tashi ya tafi. Da abin ya kai wata guda, Idris ya sauka ya je ya zauna kusa da shi, bai nemi izinin kowa ba.

"Me kake jira a nan?" ya tambaye shi.

Othman ya haɗa Hausarsa da ƙyar. "Khala ta ce akwai mutane. Ana ta'ban, wallahi. Na gaji."

"Yalla, tashi. Shayi yana can yana hucewa."

Othman ya bar aikin kaki daga baya, yanzu yana da shagon gyaran rediyo. Shi ya fara ba da wannan labari, ya ce a rubuta cewa da tsohuwar nan ta ji tsoron kakinsa, da tuni an binne shi.

A bana ne, ana shirin tashinta, wani abu ya faru da bai taɓa faruwa ba. Wata mata ta durƙusa gaban tabarma, fuskarta a rufe, ta nuna kolonya. Ba ta buɗe ba, ba ta yi tayi ba. Luba ta kai hannu ga ƙugiya, sai ta tsaya. Ina mace za ta je ta zauna cikin maza a bakin ruwa? Shekara da shekaru tana wannan aiki, bai taɓa zuwa mata a rai cewa mace ma tana iya shiga wannan hali ba, ta ce abin ya ba ta kunya.

"Sunanki wa, 'yata?"

"Rahamatu."

"Tun yaushe?"

Matar ta yi kamar za ta tashi, sai kuma ta zauna daɓas. "Tun da na yi ɓari na uku. Barci nake nema, Khala, ba wani abu ba."

Luba ta ce ta dawo ranar Alhamis da hantsi, gidanta ba kasuwa ba. Matsalar ita ce Luba ba ta taɓa sha ba, kuma ta koya wurin Malam Abdulghani cewa wanda bai sha ba wa'azi kawai zai yi. Ta shiga bincike irin nata. Ta bi masu wankau, ta bi masu kitso, ta zauna da wata unguwarzoma, tana tambaya a kaikaice ba tare da ta kama sunan kowa ba. A ƙarshe aka kwatanta mata wata dattijuwa a Bagdadiyya mai suna Madina, mai yi wa gidajen attajirai girkin biki, wadda aka ce ta yi wani dogon ciwo a da, ta warke ita kaɗai. Luba ta je, ta sha shayinta, ta yi ta kewaye-kewaye.

"Hajja, faɗi abin da ya kawo ki," in ji Madina.

Ta faɗa. Madina ta ce, "Shekara goma sha ina ɗauke da abin nan, ko mijina bai sani ba har ya mutu. Na ɗauka ni kaɗai ce a duk Jidda."

Ranar Alhamis suka haɗu a ɗakin Luba. Ta kawo musu shayi da dabino, ta jawo ƙofa, ta fita tsakar gida ta kama tsintar shinkafa. Zakiya, wadda ta zo ɗaure kaya, ta ce har aka kira azahar ba su fito ba, kuma can wajen ƙarshe ta ji dariya. Yanzu su huɗu ne. Da Zakiya ta ce za a mayar wa mai gida ɗakinsa, Luba ta ce a'a, gado da akwati za su tafi Safa, amma tabarmar ɗaka da butar shayi suna nan, mabuɗi kuma yana hannun Madina. Tambayar da take yi wa duk wanda ya zo yi mata sallama a kwanakin nan ɗaya ce: wace mota ce ke tasowa daga Safa ta sauke mutum a Sharafiyya ranar Alhamis da safe?

Hajja Luba, uwar masu fatsa, mun gode. Matan da mazansu suka dawo gida da hankalinsu sun gode, ko da yawancinsu ba su san ke ce ba. 'Ya'yan da suka tashi da uba a gida sun gode. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya sa ki gama lafiya, ya saka miki da abin da ya fi ƙamshin duk abin da kika taɓa sayarwa.

Mu kuma da muka rage a layi, masu shago da masu aski da direbobi da masu kitso, mutanen nan gabanmu suke wucewa kullum. Kada mu kawar da kai, kada kuma mu tona musu asiri. Mu nemi sanin inda ake zama, domin ranar da wani ya tsaya gabanmu yana karkarwa, mu iya gaya masa rana da wuri. Wanda bai sani ba ya je Safa ya tambayi Hajja Luba. Sai dai ya shirya, don sai ta ji ɗan gidan wa ne kafin ta ba shi amsa.